Yadda zaka sha maganin ciwo da kumburi ba tare da ka illata cikinka da ƙodarka ba

Akwai wani ƙanin mahaifina da gwiwa ta daɗe tana damunsa, mutum ne mai juriya wanda baya son ace masa asibiti, kullum da safe tun kafin ya sa komai a bakinsa sai ya ɓalli ƙwaya ɗaya daga wani jan kati, da rana in ciwon ya motsa ya ɓalli wata daga farin kati, shi a ganinsa magani biyu ne daban, ɗaya na gwiwa ɗaya na gajiya. Ranar da aka kira ni na same shi a kwance, tafin hannunsa yayi fari fat, na ja fatar ƙasan idonsa babu alamar ja ko kaɗan, yace min "ɗana, kwana uku kenan bayan gidana baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri in na miƙe." Na ɗauko katunan nan na juya bayansu, sai naga ɗaya dikulofenak ne ɗayan ibufurofen, wato 'yan gida ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi a jiki kuma ɓarna ɗaya suke yi. Cikinsa ne yake zubar da jini a hankali bai sani ba. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu kafin ya dawo hayyacinsa, Alhamdulillah ya tashi, amma tun daga ranar abin ya tsaya min a rai.

Toh kafin maganar yadda ake sha, dole ka fahimci abinda ƙwayar take taɓawa in ta shiga, domin in ka gane wannan sauran dokokin ba sai an haddace maka su ba, da kanka zaka ga dalilinsu.

A jikin ɗan adam akwai wasu furotin da ake kira enzaim, dubbai ne, kowanne da aikinsa. Enzaim kamar maƙeri yake, a miƙo masa abu ya sarrafa shi ya zama wani abu daban cikin ƙiftawar ido, shi kuma yana nan bai ƙare ba, a sake miƙo masa wani. Wanda ya shafe mu anan sunansa saikulo-oksijines, a taƙaice ana rubuta shi COX. Idan ka buge ko ka yi targaɗe ko ƙwayar cuta ta shiga wani wuri, ƙwayoyin halittar wurin suna sakin wani irin kitse daga bangonsu, sunansa arakidonik asid, sai COX ya karɓe shi ya mayar da shi sinadaran da ake kira furostagilandin. Su waɗannan ne suke buɗe jijiyoyin jini jini ya kwararo wurin, shi yasa yake yin ja da ɗumi, suna taimakawa ruwa ya tsattsafo ya taru wurin ya kumbura, sannan suna sa jijiyoyin jin zafi su zama a faɗake, har ɗan taɓawa kaɗan ma ka ji kamar an soka maka allura. In sun kai ƙwaƙwalwa kuma, wajen da yake daidaita ɗumin jiki, sai su ɗaga ma'aunin, zazzaɓi kenan. Ja, zafi, kumburi da ciwo, alamomi huɗu da wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa tun ƙarni na farko, har yau su ɗin ne dai.

Kuma dan Allah ka riƙe wannan, kumburin nan ba abokin gaba bane. Duba ƙafar da tayi targaɗe, idon sawun ya tashi yayi sumul yana sheƙi, in ka ɗora yatsa ka ji ɗumi, ka kasa takawa. Wannan jinin da ya taru shi ya kawo ma'aikatan gyara, ciwon kuma shi yake hana ka taka ƙafar ka ƙara yaga abinda ya yage. Jiki magayi ne. Matsalar tana zuwa ne in abin ya wuce kima ko yaƙi ƙarewa.

Asfirin ya shiga kasuwa tun 1899 daga kamfanin Bayer na Jamus, mutane suka shekara saba'in suna sha ba'a san ta yadda yake aiki ba, sai a 1971 wani masani ɗan Ingila John Vane ya nuna cewa hana jiki ƙera furostagilandin yake yi, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982 tare da wasu masana biyu 'yan Suwidin. Ibufurofen, dikulofenak, nafuroksen, firoksikam, indometasin, duka hanya ɗaya suke bi, su toshe bakin COX.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan enzaim ɗin ba kumburi kaɗai yake haɗawa ba. Iri biyu ne, COX-1 da COX-2. Na farkon kullum yana bakin aiki ko kana lafiya ƙalau, shi yake sa tumbi ya riƙa fitar da majina mai kauri da take shafe bangonsa kada asid ɗin narkar da abinci ya cinye shi, shi yake taimaka wa ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni su manne da juna jini ya tsaya, kuma furostagilandin ɗin da su biyun suke yi ne yake riƙe jijiyoyin ƙoda a buɗe lokacin da ruwa yayi ƙaranci a jiki. Na biyun shi ne yafi tashi in an samu rauni ko cuta. Ƙwayar da ka haɗiya bata san gwiwa ba, bata san haƙori ba, jini take bi ta zaga ko'ina, inda ta tarar da COX ta kashe masa aiki. Kenan a daidai lokacin da gwiwar baffana take lafawa, a lokacin ne bangon cikinsa yake zama tsirara a gaban asid.

Da aka gano COX-2 a farkon shekarun 1990 murna aka yi sosai, aka ce to ai sai a yi maganin da zai kashe na biyun kawai ya ƙyale mai gadin ciki. Aka yi kuwa, selekoksib ya fito, rofekoksib ma ya fito da sunan Vioxx a 1999, kuma gaskiya sun rage matsalar ciki. Amma a watan Satumba na 2004 kamfanin Merck ya janye Vioxx daga kasuwannin duniya saboda an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Dalilin da masana suka fi bayarwa shine COX-2 yana ƙera wani sinadari a bangon jijiyoyi mai hana jini yin guda, ka kashe shi ka bar COX-1 yana ta ƙera mai sa jini yin guda, sikelin ya karkace. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ina kawo wannan ne don ka san babu wani a cikin dangin nan da za'a ce maka bashi da illa sam.

Yanzu ga yadda zaka yi. Abu na farko tambayi kanka, wannan ciwon akwai kumburi a cikinsa kuwa? Ciwon kai na gajiya ko ɗan zazzaɓi ko ciwon jiki sama-sama, farasitamol ya isa, shi baya taɓa bangon ciki kamar waɗancan kuma kusan baya rage kumburi, ciwo da zazzaɓi kawai yake saukarwa. Babba yana shan miligiram 500 zuwa 1000, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 a tsakani, kada ya wuce 4000 a awa 24, mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta ko mai shan giya kuma ƙasa da haka, domin shi hanta yake bugawa in yayi yawa, kuma ka lura yawancin haɗe-haɗen maganin mura akwai shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Inda masu toshe COX suka fi shi shine wajen targaɗe, ciwon haƙori, gaɓar da ta kumbura, da ciwon mara na al'ada.

In ciwon a wuri ɗaya yake kuma kusa da fata, kamar gwiwa ko yatsu ko idon sawu, fara da na shafawa. Man dikulofenak ko na ibufurofen yana ratsa fata ya isa wurin, abinda yake shiga jini kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da ƙwaya. Sabon targaɗe kuma ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, kada ka ɗora ta kai tsaye akan fata, ka ɗaga ƙafar sama da ƙirjinka in kana kwance, ka huta mata kwana ɗaya biyu sannan ka fara motsa ta a hankali. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

In dai sai an sha ƙwaya, toh juya katin ka karanta. Manyan haruffan gaba sunan kamfani ne, ba shi kake nema ba, nemi ƙananan rubutun da suke faɗin abinda ke ciki, zaka ga an rubuta ibuprofen ko diclofenac ko naproxen ko piroxicam ko indomethacin ko aspirin ko celecoxib. Guda ɗaya tak zaka ɗauka daga cikinsu. Haɗa biyu baya ƙara sauƙi saboda enzaim ɗin da zasu toshe an riga an toshe shi, illar ce kawai take ninkuwa. Wannan shine kuskuren da ya kusa tafiya da baffana, kuma wallahi mutane da yawa suna yinsa, musamman in an ƙulla musu ƙwayoyi kala-kala babu suna ance na ciwon jiki ne. Ƙwayar da baka san sunanta ba kada ka haɗiye ta. Farasitamol da ibufurofen kam ana iya haɗa su in ɗaya bai isa ba, tunda ba hanya ɗaya suke bi ba.

Ibufurofen shi aka fi farawa da shi, babba miligiram 200 zuwa 400 duk bayan awa 6 zuwa 8, kada ka haura 1200 a rana sai da umarnin likita. Fara da ƙaramin, in yayi aiki ka tsaya nan. Nafuroksen yana daɗewa a jiki shi yasa sau biyu ake shansa a rana, kada kaga awa huɗu ta wuce kace bari in ƙara. Yara kuma da nauyinsu ake auna musu, ba'a raba ƙwayar babba ace rabi ya ishe shi.

Ka sha bayan ka ci abinci, da ruwa kofi guda cikakke. Amma bari in faɗa maka gaskiya akan wannan, don mutane suna ɗauka in sun ci abinci shikenan sun tsira. Abinci yana rage ƙwarnafi da tashin zuciya, amma baya hana olsa, domin ɓarnar ta cikin jini take biyowa, COX-1 ɗin bangon tumbi ake kashewa. Shi yasa allurar dikulofenak ma tana iya jawo gyambon ciki duk da bata bi ta baki ba, masu cewa "ni ina da olsa a yi min allura kawai" su ji wannan da kyau. Wanda dole sai ya daɗe yana sha, likita yakan haɗa masa da mai rage asid irin omefurazol.

Sannan kwanaki. Na zazzaɓi kada ya wuce kwana 3, na ciwo kada ya wuce kwana 10 baka ga likita ba, ni a ganina ma in ka kai sati kana ɓallar ƙwaya kullum lokaci yayi da za'a duba mene ne a ƙasa. Zazzaɓi alama ce, saukar da shi bai kashe abinda ya kawo shi ba, a yi gwaji. Masu yawan ciwon kai kuma su sani shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da wani ciwon kan, kana sha yana dawowa kana ƙarawa.

'Yan'uwa mata masu fama da ciwon mara, naku ya ɗan bambanta. Furostagilandin ne yake sa mahaifa ta riƙa murɗawa, kuma maganin baya goge wanda jiki ya riga ya ƙera, sabo kawai yake hanawa. Don haka ki fara sha da zarar kin ga jini ko kin ji alamar farko, kada ki jira sai kin kai ga birgima, ki ci gaba akan lokaci kwana biyu ko uku ki tsaya. In duk da haka ciwon yana kwantar dake duk wata ko yana ƙaruwa, ki je a duba ki, akwai cututtukan mahaifa da suke ɓuya a bayan ciwon mara.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su taɓa dangin nan ba sai likita ya ce. Mai olsa ko wanda cikinsa ya taɓa zubar da jini. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, dikulofenak musamman an ja kunne akansa ga masu matsalar zuciya. Mai hawan jini ya sani suna riƙe gishiri da ruwa a jiki su ɗaga jinin su kuma rage ƙarfin maganinsa, kuma akwai wani haɗi mai hatsari da nake so kowa ya sani, mutum yana shan maganin hawan jini irin lisinofuril ko losatan, yana shan mai sa fitsari, sai ya ɗora ibufurofen a kai, ukun nan tare suna iya durƙusar da ƙoda cikin kwanaki, balle ga dattijo. Haka wanda yake gudawa ko amai ko ya sha zufa bai sha ruwa ba, a wannan halin ƙodarsa ta jingina ne kacokan akan furostagilandin, in ka janye shi ka janye mata tsani. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, ko sitiroyid irin firedinisolon, haɗarin zubar jini a ciki yana hauhawa. Wasu masu asma in sun sha sai numfashi ya sarƙe, saboda in an toshe COX kitsen nan yana karkata zuwa wani enzaim ɗin da yake ƙera sinadarai masu matse hanyar iska. Wanda ya haura shekara 65 shima a bi da shi a hankali.

Mai juna biyu kada ta sha da kanta ko kaɗan. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2020 cewa daga sati 20 zuwa sama suna iya taɓa ƙodar jariri ruwan mahaifa ya ragu, a watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya a kusa da zuciyar jaririn wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Asfirin ɗan ƙarami da likita yake rubuta wa wasu masu ciki saboda gudun jijjiga wannan daban ne, a ci gaba da shi yadda aka ce. Yaro ƙasa da shekara 16 ba'a bashi asfirin saboda wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa da take iya biyo bayan mura ko ƙarambau, mai ƙarambau kuma ibufurofen ma a ƙyale shi. In ana zargin zazzaɓin denge farasitamol kawai, sauran suna ƙara zubar jini.

Asfirin yana da wata ɗabi'a tasa shi kaɗai. Sauran suna kama COX ne su sake shi in sun fita daga jiki, shi kuwa in ya kama ya lalata shi kenan har abada, ƙwayoyin jini masu toshe rauni kuma basa iya ƙera sabo, sai dai a jira sababbi su maye gurbinsu, kwana 7 zuwa 10. Wannan ne yasa ɗan miligiram 75 zuwa 100 a rana yake kare masu ciwon zuciya daga gudan jini, kuma shi yasa dole ka faɗa kafin a cire maka haƙori ko a yi maka tiyata. In likita ne ya ɗora ka akai kada ka daina da kanka. Kuma ibufurofen in ya riga asfirin isa wurin yana tare masa ƙofa ya hana shi aikinsa, don haka mai shan asfirin na zuciya ya tambaya tukunna kafin ya haɗa. Lafiyayyen mutum kuma kada ya fara shan asfirin kullum don yaji ance yana da kyau, garin neman gira a rasa ido.

Ciwon gaɓoɓin da ya zama na kullum, anan nake ganin an fi cutuwa. In gaɓoɓinka suna sandarewa da safe fiye da rabin awa, yatsun hannu biyu suna kumbura tare, akwai yiwuwar garkuwar jiki ce take cin gaɓar, toshe COX zai rage maka zafi amma gaɓar tana ci gaba da lalacewa a ƙasa, akwai magunguna daban irin metotireksat da suke tsayar da cutar kanta kuma da wuri ake son farawa. In kuma zaizayewar gwiwa ce irin ta shekaru, ƙarfafa naman cinya da motsa jiki da rage ƙiba suna aikin da ƙwaya bazata yi ba, kitsen jiki ma shi kansa yana fitar da sinadaran da suke kunna kumburi, taba sigari kuma tana hura wutar. Baffana yanzu man shafawa yake amfani da shi, da farasitamol ranar da abin ya matsa, yana zama akan kujera ya miƙe ƙafa ya riƙe ya sauke safe da yamma kamar yadda aka koya masa, ciwon bai tafi duka ba amma yana zuwa inda yake so da ƙafarsa.

In kana cikin sha sai kaga bayan gida ya koma baƙi mai danƙo, ko amai da jini ko mai kama da garin kofi, ko zafi mai tsanani a saman ciki, ko fitsari ya ragu ƙafafu sun kumbura, ko ƙirji ya riƙe, ko leɓe da fuska sun kumbura numfashi yana wahala, tsayar da maganin nan take a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Haka gaɓa ɗaya da ta kumbura tayi ja da zafi ga zazzaɓi, wannan ba ta shan maganin ciwo bace, ƙwayar cuta na iya kasancewa a cikin gaɓar. In zaku tafi ku tattara duk katunan da kwalayen da mara lafiyan yake sha, har waɗanda aka shanye, ku zuba a leda ku miƙa wa likita.